In albasa ta ruɓe a hanya, wa zan kama?

Shekara shida na yi bayan gilashi a wata ma'aikatar aika kuɗi a Tawa, ina karɓar lambar sirri daga hannun tsofaffin da ƴaƴansu suka tafi biɗa Abijan ko Libiya, ina ƙirga musu jikkuna. A ƙarshen 2021 wani abokina da muka yi lakwal tare ya kira ni daga Yamai, ya ce sun buɗe kamfanin fasaha, suna neman mai riƙe musu lissafi. Albashin ya ninka nawa. Ko shawara ban yi da kowa ba, na hau mota.

Lokacin kasuwar kuɗin intanet tana tashe. A watan Nuwamba na shekarar, Bitcoin guda ya kusa dala 69,000, ta Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Wata biyu kafin nan kamfanin Wave na Senegal, mai aika kuɗi ta waya, ya samu jarin dala miliyan 200, shekara guda kafin shi kuma kamfanin Stripe na Amurka ya saye Paystack na Legas, mai hidimar biyan kuɗi ta intanet, a kan fiye da dala miliyan 200. Masu zuba jari suna yawo da kuɗi suna neman inda za su sauke. Duk wanda ya iya Turanci ko Faransanci, ya iya tsara hotunan bayani, ya kuma jefa kalmar bulokcen a shafi na biyu, sai a ba shi kujera.

Shi bulokcen ɗin, in an cire masa ado, kundi ne da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa lokaci guda, kowane shafi ɗaure da na bayansa kamar sarƙa, abin da aka rubuta ba ya goguwa. Mu dabararmu ita ce mu ɗora cinikin albasar Galmi a kansa. Kowane buhu a manna masa lamba, manomi da direba da mai saye a Akara ko Abijan duk su ga inda yake, a biya da wani sulallan intanet da kamfaninmu ya ƙirƙira. Shugabanmu yakan ce za mu kori dillali daga tsakani. Wani mai jari daga Turai ya ji daɗin maganar, ya saki kuɗi.

Da aka fara haƙar albasa a watan Maris na 2022, muka tafi Galmi. Ni na nuna hanya, don kawuna ya fi shekara talatin yana lodin albasa zuwa Gana. Muka same shi a ƙarƙashin rumfa, gabansa ƴan lodi suna ɗinke bakin buhuna, warin albasa yana sa idon baƙi hawaye. Shugabanmu ya buɗe kwamfuta a kan wani buhu ya yi ta bayani, ina fassara. Kawu ya saurara har ƙarshe, yana murza bawon albasa tsakanin yatsu, sannan ya dube ni.

"Ɗana, wanga abu naku na ji shi. To in mota ta kwana goma bisa hanya, albasa ta ruɓe, mai saye ya ce bai biya, wa zan kama?"

Na ce, "Kawu, ai komai yana rubuce, ba mai iya gogewa."

Ya ce, "Rubutu zan kama?"

Ƴan lodi suka yi dariya, ni ma na yi don kunya. A mota shugabanmu ya ce tsofaffi haka suke, da sannu za su gane. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a wuya. Dillalin da muke shirin kora, shi ne ke zira hannu har gindin buhu ya ji ko akwai jiƙa. Maigidan da ke Akara shi ke saukar da kawu, ya ba shi wurin kwana, ya tsaya masa a kan bashi, in an yi hasara a zauna a raba ta. Ladar da suke ci kuɗin wannan tsayuwar ce. Mu mun ɗauka rashin rubutu ne matsalar, alhali kowane ɗan kasuwa yana da littafinsa a aljihun gaba.

Ba a yi wata ba abin ya nuna kansa. Wani yaron da muka ɗauka yana shigar da bayani ya rubuta buhu arba'in a matsayin zaɓaɓɓiyar albasa, ba tare da ya buɗe ko ɗaya ba, don rana ta yi zafi. Da aka zazzage su a can, tsakiyarsu ƙanana ce da mai tsiro. Kundinmu ya riƙe wannan ƙarya daram, ba mai iya taɓa ta. Na zauna ina kallon layin a allon kwamfuta, ina tuna yawan kuɗin da muka kashe don kada ya gogu.

Amma darasin da ya fi shiga jikina daga littafin lissafi ya fito. Ɓangaren fita cike yake: hayar ofis a Filato, man injin wuta, albashi, tikitin jirgi zuwa taruka, riguna masu tambarin kamfani. Ɓangaren shiga, ban da kuɗin mai jari, ko dala babu. Abin da muke aika masa kowane wata shi ne yawan manoman da suka yi rajista, kuma na san yadda ake samun rajistar, domin ni ke fitar da kuɗin riga da katin waya da ake ba kowanne. Ranar da na nuna wa shugabanmu haka, ya ce in kwantar da hankali, Instagram ma'aikaci 13 gare shi, ba ya samun ko sisi, Facebook ya saye shi dala biliyan ɗaya a 2012. Gaskiya ya faɗa. Sai dai ranar na gane hajar da muke talla ba albasa ba ce, kamfanin ne kansa, ana yi masa kwalliya ko wani babba zai taya. Kuma Instagram mutane miliyoyi ne suka ɗauke shi da kansu, ba wanda ya raba musu riga.

Daga nan rugujewa ta fara daga nesa. A watan Mayu wasu sulallan intanet da ake kira Terra da Luna suka narke cikin kwanaki. A Nuwamba FTX, wani babban kamfanin canjin kuɗin intanet, ya faɗi, Bitcoin ya sauko ƙasa da dala 17,000, mai FTX ɗin, Sam Bankman-Fried, daga baya aka yanke masa shekara 25. Wanda ya fi ba ni tsoro bai yi ƙara kamar waɗannan ba: a watan ne kamfanin kwamfuta na IBM da kamfanin jiragen ruwa na Maersk suka sanar da rufe TradeLens, wato irin aikinmu sak, bin sawun kaya da bulokcen, amma a hannun masu jiragen ruwa da kuɗin da ba mu taɓa mafarki ba. Facebook ma tun Janairun shekarar ya haƙura da kuɗinsa na Diem, wanda ya fara da sunan Libra a 2019. Mai jarinmu ya daina amsa saƙo. Farkon 2023 muka mayar da makullin ofis.

Nawa laifin ba zan ɓoye ba. Na yarda a riƙa biyana wani kaso na albashi da sulallan kamfani, wannan ni ya shafa. Amma na sa ƙanwata ta zuba kwasar adashinta a ciki, ni da nake ganin littafin kowace safiya. Wata takwas na yi ina biyan ta. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Na dawo gida sai na lura ashe kasuwar kawu ta daɗe da sauyawa, mu ne ba mu duba ba. Da asuba maigidansa na Akara ke aiko masa da saƙon murya ta WhatsApp, farashin ranar da yawan motocin da suka shigo. Direba ya turo hoto daga bakin iyaka. Kuɗi su zo ta Nita ko Al Izza kafin la'asar. Ba wanda ya zo Galmi ya shirya taron horo a kan wannan, wayar Tecno da danna maɓalli ka yi magana da Hausarka, shi ke nan. Facebook ya biya dala biliyan 19 a kan WhatsApp a 2014, mutane na cewa hauka ne. Haka Wave, abin da ya girgiza Orange Money a Dakar kashi ɗaya cikin ɗari ne na kuɗin aikawa, abin da mai sayar da kifi za ta ji a ɗaurin zanenta.

Ban ce kuɗin intanet ba ya da amfani ga kowa ba. Abokan cinikinmu na ƙetaren Ƙwanni da naira ke zube musu a hannu, wasunsu suna fakewa a USDT, sulallan intanet da ke ɗaure da dalar Amurka, kuma na fahimce su. Mu sefarmu a ɗaure take da yuro, ciwonmu daban ne: hanya, ajiya, da albasar da ke lalacewa a rudu kafin farashi ya tashi.

Yanzu ni ke riƙe wa kawu da abokansa huɗu lissafi. Kwanan baya wani saurayi ya zo daga Yamai da manhajar da ke haɗa ƴan kasuwa da motocin da suka sauke kaya za su koma wayam. Kawu ya ce, "Je ka wurin ɗana, shi ya taɓa shan wannan ruwa." Na tambaye shi wa ya biya shi a watan jiya, ban da mai jari. Na ɗauka ba zan ƙara ganinsa ba. Ran Laraba sai ga shi da rasit bakwai a cikin leda, ɗaya na wani Alhaji ne a Madawa da na sani, na kira Alhajin a gaban saurayin ya ce e, ya biya. Mun ba shi mota ɗaya gwaji, ta Kumasi. Kawu ya karɓi lambar saurayin, ya kuma tambayi sunan mahaifinsa da unguwarsu.