Zakkar kuɗin marayun yayana

Da yayana ya rasu, dangi suka ɗora min riƙon 'ya'yansa uku, maza biyu da mace ɗaya. Bayan an biya bashi, an cire tumunin takaba na mahaifiyarsu, kason yaran ya dawo hannuna. Ni ma ina ɗan ware wani abu daga albashina saboda karatunsu nan gaba.

Da na ɗauko zancen zakka, mahaifiyarsu ta ce min, "Haba Baffansu, yaran da ko salla ba ta hau kansu ba?" Na fahimci tsoronta, domin ni ma ayar nan ta Suratun Nisa'i a kan masu cin dukiyar marayu tana hana ni barci. Kuma maganarta tana da tushe, ra'ayin Imam Abu Hanifa ke nan a kan kuɗin yaro. Amma Malik da Shafi'i da Ahmad sun tafi a kan cewa zakka haƙƙi ce da ke kan dukiya, ko mai ita babba ne ko ƙarami. Risala, wadda muka karanta a zaure, ta faɗe shi ƙarara. A Muwaɗɗa kuma an ruwaito cewa Nana A'isha ta riƙi 'ya'yan ɗan'uwanta marayu, tana fitar musu da zakka daga dukiyarsu. Da mahaifiyar yaran ta ji wannan sai hankalinta ya kwanta.

Abin da ya fi amfanata shi ne tambayar da malamin unguwarmu ya fara yi min: kuɗin nan na wa ne? Na gado nasu ne. Wanda nake warewa daga albashi kuwa nawa ne har yanzu, domin niyya kaɗai ba ta fitar da kuɗi daga mulkin mutum, gobe in na matsu zan iya cinye shi. Saboda haka da dukiyata ake haɗa shi, ni zan fitar da zakkarsa daga aljihuna.

Na gadon ma ba a dunƙule ake lissafa shi ba. Kowane yaro da kasonsa ake auna nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya. Da yake namiji yana da rabon mata biyu, mazan sun kai, ƙanwarsu ba ta kai ba, don haka ban taɓa ko kwabo a nata ba. Shekarar kuma ta wata ce, ana ƙirga ta daga ranar da aka karɓi kuɗin. Da ta cika, na duba nisabin da hukumar zakka ta sanar, na cire ɗaya cikin arba'in daga kason kowanne, na yi niyya a madadinsu.

Ajiya zalla kam ban yarda da ita ba. Sayyidina Umar ya ce a juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta, ga kuma yadda naira ta zube tun 2023. Wani ɓangare na ba wani amintaccen ɗan kasuwar hatsi jari, riba a raba, da rubutu da shaidu biyu. Duk abin da ya shiga ko ya fita ina rubuta shi a littafi guda, mahaifiyarsu da kawunsu suna sa hannu. Babban ya kusa balaga, har na fara zaunar da shi muna duba lissafin tare.