Ranar da na hau dutsen Skiddaw da gudu

Da asuba, ina idar da sallah, Umma ta tare ni a bakin ƙofa da tambayar da ta saba: “Wai kai Abba, in ka zo na ɗaya me za su ba ka?” Na ce, “Umma, ba wani abin a zo a gani ba ne.” Ta girgiza kai, ta cusa mini dabino a aljihun jaka, ta ce Allah ya tsare.

Motar kulob ɗinmu ta ɗauke mu daga Manchester, muka miƙe arewa kan babbar hanyar M6 har Penrith, sannan muka karkata yamma zuwa Keswick. Tun kan hanya dutsen Blencathra ya bayyana ta hannun dama, kansa cikin gajimare. Kowa a motar ya yi tsit. Shekarata 19, kuma ranar ce karon farko da zan shiga tseren manya a kan duwatsun arewacin Ingila.

A filin Fitz Park aka fara da duba kaya. Hukumar wannan wasa, wadda aka kafa a 1970, ba ta wasa da maganar: rigar ruwa da wandonta, hular sanyi, safar hannu, taswira, kamfas, usur, da ɗan abin sa wa baki. Ba a yarda waya ta nuna maka hanya ba. Da farko na ga kamar abin ya yi yawa, ga shi watan Yuli, ana rana. Ashe sun san dutsensu.

Hawan farko ta gefen tudun Latrigg ya zo da sauƙi. A Jenkin Hill ne gudu ya ƙare. Kowa ya sunkuya, ya dafa gwiwoyi da hannu biyu, yana tura jiki sama taki ɗaya bayan ɗaya, ba ka jin komai sai haki. Tumakin Herdwick, masu toka-tokan jiki da farar fuska, suna kiwonsu a gefe, ko ɗaga kai ba su yi ba. Na waiwaya sau ɗaya na hango tafkin Derwentwater can ƙasa, daga nan hazo ya rufe mu.

Tsayin Skiddaw mita 931 ne, kuma samansa ba ciyawa, sai faffaɗan tsakuwa mai santsi. Iska ta doke ni har sai da na tangaɗa, yatsuna suka ƙage. Nan na zaro safar hannun da na raina. Wasu mutum biyu na tsugune a jikin ginshiƙin ƙololuwa cikin wannan sanyi, suna rubuta lambar duk wanda ya iso, ba don ana biyan su ba. Na faɗa musu tawa, na juya.

Gangara ita ce ainihin wasan, kuma ita nake tsoro. Akwai wata dattijuwa a kulob ɗinmu, ta haura 60, ta sha gaya mini cewa mai taka birki a gangara shi ke faɗuwa: ka karkata gaba, ka gajarta taku, idonka ya riga ƙafarka. Na ji, amma jiki ya ƙi. Ina ta dogarewa da dunduniya, cinyoyina na zafi, sai ga ta ta wuce ni, hannuwa a buɗe, ƙafarta da ƙyar take taɓa ƙasa. Ban yi nisa ba tsakuwa ta zame da ni, na kife, tafin hannuna ya yage.

Wani mutum sanye da rigar wani kulob daban ya ja ya tsaya. Ya duba hannun, ya tambaye ni ko kaina ya bugu, bai tafi ba sai da ya ga na miƙe. Mutum uku suka wuce shi a wannan tsayuwar. Har yau ban san sunansa ba.

Da muka sauko ƙasan hazon, hanya ta buɗe, na ce bismillah na saki jiki. Sai na ji ƙasa na zuwa da kanta, takalmin mai haƙoran roba yana kamawa, tsoron ya kau. Ban san lokacin da na fara dariya ba.

Na iso a tsakiyar jerin. Aka wanke mini hannu, aka miƙo shayi da kek. Kafin mu kama hanya dattijuwar ta ja ni tsakiyar gari, gaban ginin Moot Hall, inda masu zagayen Bob Graham ke tashi, su taka duwatsu 42 cikin awa 24 kamar yadda mai sunan ya yi a 1932. Ta nuna Skiddaw da haɓa ta ce ga mafi yawansu shi ne na farko. Na tsaya ina kallonsa, na ciro dabinon Umma, na ba ta biyu.