Daga jakar canji zuwa injin riɗi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina canjin kuɗi a Kartum kafin na gane cewa lokaci ma mudu ne, ana tauye shi kamar yadda ake tauye hatsi.

Ni mutumin Wusasa ne, can gefen Zariya, Kirista ɗan Kirista. Na shigo Sudan a 2007 da atamfa da man shafawa. Kayan ba su karɓu yadda na zata ba, sai dai na hango wata ƙofa. Tun 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, aiko da kuɗi ta banki ya zama wahala, ga kuma 'ya'yanmu na Arewa cike da jami'o'in Kartum, wasu na karatun likita, wasu na Larabci da shari'a. Uba zai zuba naira a asusun ƙanena a Zariya, ni kuma in ƙirga wa ɗansa fam a nan, wanda mutanen gari ke kira jine. Ba shago, ba haya, waya biyu da jaka ɗaya. Yaran suna kira na Kawu, nakan kai su asibiti, nakan shiga tsakaninsu da masu gidajen haya. Ina jin kaina mutumin kirki ne, kuma a wani ɓangaren ba ƙarya ba ne.

Da Sudan ta Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, sai jine ya fara zamewa. A 2018 abin ya zama gudu. A watan Janairu farashin gwamnati ya tashi daga ƙasa da jine 7 a dala ɗaya zuwa 18, kafin ƙarshen Oktoba ya kai 47.5, na bayan fage kuwa kullum yana gaba. A nan na koyi dabarar da ba wanda ya koya mini. Uwa ta zuba naira ranar Litinin, mun yanke farashi. In na riƙe kuɗin zuwa Alhamis, zan sayi jinen da zan ba ɗanta da rahusa, ragowar tawa ce. Yaro zai karɓi daidai adadin da aka yi alkawari, ko sisi ban cire ba. Abin da kuɗin zai saya ne ya ragu, kuma wannan ai laifin gwamnati ne, haka nake gaya wa kaina. In an kira ni sai in ce layin banki ne ba kyau.

Akwai wani yaro ɗan ƙasar Haɗeja, maraya, uwarsa ce ke ɗawainiyar karatunsa da kiwon tumaki. Na riƙe kuɗinsa kwana biyar. Ranar da na ba shi ya ƙirga, ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, da ya shigo tun Litinin da ya isa haya, yanzu mai gidan ya ƙara. Amma ba komai, Allah ya saka da alheri, ka sha wahala a kanmu." Da zagina ya yi da na sami abin riƙewa. Addu'ar nan ta bi ni har gida, na kasa cin tuwo.

Mai ɗakina ta daɗe da sanin abin da nake yi, ita ke riƙe mini littafi. A daren ta ce, "Baban yara, kai ne ka karanta mana Karin Magana sura goma sha ɗaya a addu'ar safe makon jiya, ko ba kai ba ne?" Ni ne. Ayar farko ce a wannan sura ta Littafi Mai Tsarki, wadda ke cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus. Na karanta ta ban san sau nawa ba tun ina yaro, kullum a raina da masu awon dawa a kasuwa take. Ni da ba ni da sikeli, ina ruwana?

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ba da shaida a gaban jama'a, domin babu mafarki a ciki, babu murya daga sama. Wata huɗu ina addu'a ina jiran Allah ya nuna mini sana'ar da za ta fi wannan kawo kuɗi, don in bar canji ba tare da na ji a jikina ba. Shiru. Na je wurin wani fasto, mutumin Duwatsun Nuba, bayan sujada a majami'ar Angilika da ke unguwar Amarat a Kartum. Na zuba masa tsare-tsarena kaf. Ya saurara, ya yi mini tambaya ɗaya: ribar da kake ci, daga aljihun wa take fitowa? Bai ce in bari ba, bai ce in ci gaba ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa canji haramun ne. Na san 'yan canji a Wapa ta Kano da nan Kartum waɗanda in ka ba su amana za ka yi barci da minshari. Na gwada zama irinsu, wata uku ina biya a ranar da kuɗi ya shigo. Amma duk sanda farashi ya motsa sai hannuna ya fara ƙaiƙayi, in kama kaina ina lissafin abin da ya wuce ni. Ba a ba kura ajiyar nama, ko da kurar ta tuba. Ina da shekara 49 na sallami masu hulɗa da ni ɗaya bayan ɗaya, na nufi Gadarif da abin da ya rage a hannuna.

Gadarif ƙasar dawa ce da riɗi, baƙar ƙasa mai laka, gonaki iya ganinka. Hausawa sun daɗe a wajen, kamar yadda suka daɗe a Jazira da Kasala da garin Mai Wurno kusa da Sinnar, wanda ya samo sunansa daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ɗan da ya ja ragowar masu hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Mutanen ƙasa na haɗa mu duka su ce Fallata. Wanda ya karɓe ni wani dattijo ne mai injin matse mai, kakansa ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa zai je Makka, ya tsaya noman guzuri, guzurin ya zama zama. Da na ce masa ni Kirista ne ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Ikon Allah! Ashe ana yin ku da Hausa haka tas?" Daga ranar sunana Bazazzagi, ni kuma Baba Alhaji nake ce masa.

Ba abin da ya fi mini ciwo kamar komawa ɗan koyo da furfura a gemu. Yaran da na haifi sa'o'insu ne ke nuna mini yadda ake zura hannu har gindin buhu a ji ko an shimfiɗa yashi, yadda ake murza riɗi a tafin hannu, a tauna a ji ko ya bushe. Na koyi cewa farin riɗi shi 'yan kasuwar waje ke rububi, ja kuma shi ya fi dacewa da matsa. Na koyi lissafi da kantar, ma'aunin nauyi na ƙasar, maimakon mudu. Na koyi cewa tunkuzar da ke saura, wadda suke kira umbaz, masu shanu na saye, kuma sau da yawa ita ce ribar, man yana mayar da uwar kuɗi ne kawai. A kakar farko na yi gaban kaina, na sayi buhu ashirin masu araha ba tare da na tambayi kowa ba. Da ɗanshi a jikinsu. Man ya fito da ɗaci, ba mai saye. Baba Alhaji bai yi mini faɗa ba, cewa ya yi, "Bazazzagi, ka biya kuɗin makaranta."

Na zaci na gudu na bar jarabata a Kartum. Ashe ta riga ni sauka a tasha. Man gyaɗa ya fi na riɗi araha, in ka zuba kaɗan a jarka ba kowane hanci zai gane ba, kuma wani dillali ya kawo mini shawarar a fili kamar yana ba ni labarin damina. Na kwana biyu ina juya ta. Abin da ya tsayar da ni, ban da kunyar mai ɗakina, sikelin Baba Alhaji ne. Guda ɗaya ne tak a gidan man, da shi yake saye da shi yake sayarwa, ya ajiye shi a bakin ƙofa inda manomi zai ga allurar da idonsa. Wata rana ya karanto mini ayar Alƙur'ani kan azabar masu tauye mudu, na ce masa, "Baba, mu ma haka take a namu." Ya ce, "To ai ka ga, ba wanda zai ce ba a gaya masa ba."

Lahadi ranar aiki ce a Sudan. Da na kafa nawa ƙaramin injin a gefen nasa, shi yana kashewa ranar Juma'a, ni ina kashewa Lahadi, ma'aikatanmu kuma ɗaya ne. Sai suka riƙa tsokana wai babu injin da ya kai namu hutu a duk Gadarif.

Kuɗi kam sun ragu, ba zan ɓoye ba. Mun sauya wa yara makaranta, mun sayar da mota. A Fabrairun 2021, da gwamnati ta saki jine daga 55 zuwa 375 a dala, ina jin labarin abin da tsofaffin abokan sana'ata suka riƙa kwasa a watannin da suka gabaci haka, na yi hassada irin wadda sai da na durƙusa na roƙi gafara. Wasiƙar Yakubu ta cikin Littafi Mai Tsarki tana jan kunnen ɗan kasuwar da ke cewa gobe zan je gari kaza in shekara in ci riba, ba tare da ya ce in Ubangiji ya yarda ba. Maƙwabtana ba sa ɗaga buhu sai sun ce in sha Allahu. A bakinsu na sake jin nauyin ayar da na haddace tun a makarantar Lahadi.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, aka kwashe ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar, wasu ta Bur Sudan, sana'ar canjin ɗalibai ta mutu a mako guda. 'Yan'uwa a gida suka riƙa bugo waya suna cewa ka ga, Allah ne ya fitar da kai da wuri. Na gode masa, amma ba na son wannan lissafin. Ni ma jarkokin man da na tura Umdurman sun tafi har yau. Dangin Baba Alhaji na Wad Madani, mutanen da ba su taɓa cin sisin kowa ba, sun iso mana a Disambar shekarar da kayan jikinsu kawai.

Littafin canjin nan yana nan, mai ɗakina ba ta yar ba. Mun zauna mun fitar da sunan duk wanda na riƙe wa kuɗi da gangan, mutum 41. Zakka, mai karɓar harajin nan na cikin Linjila, ya yi alkawarin biya ninki huɗu, ni ƙarfina bai kai nan ba, abin da na ci kawai nake mayarwa, da lissafin dala. Wasu sun yi dariya sun ce ba su ma sani ba. Wani ya zage ni, kuma yana da gaskiya. Uwar yaron Haɗeja, da ƙanena ya je har gida, ta ce ta yafe, sai da ya haɗa ta da Allah sannan ta karɓa, ta ce za ta sayi tunkiya. Saura mutum uku. Lambobinsu na Sudan ne, tun da aka fara yaƙi ba sa shiga. Nakan gwada duk ƙarshen wata.