Jinyar tsoho mai cuta fiye da ɗaya a gida: abin da aikin ya koya mini a Gombe

Aikina jinya ne, kuma yawancinsa a cikin gidaje nake yi, daga Pantami zuwa Bolari da Jekadafari, wajen tsofaffin da asibiti ya sallama amma ciwo bai sallame su ba. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke fama da hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, ga mantuwa ta fara leƙowa. Da, da na'urar awo nake fara shiga ɗaki. Sai na lura duk tsarin da aka yi ba a tambayi mai jikin ba, ba ya kwana uku. Yanzu bayan gaisuwa nakan ce: "Baba, cikin duk wannan, me ya fi damun ka?"

Da wuya amsar ta zama hawan jini. Wani dattijo ya ƙi ci, ya ƙi sha, 'ya'yansa suna cewa rigimar tsufa ce. Sai da kowa ya fita daga ɗakin ya faɗa mini, murya ƙasa-ƙasa, cewa surukarsa ce ke yi masa tsarki, shi ya sa yake rage ci don kada ya nemi fo. Muka mayar da tsarki da wanka hannun ɗansa da jikansa, aka ajiye masa dutsen taimama a gefen katifa, aka juya gadon yadda zai fuskanci alƙibla. Ci ya dawo, ba a ƙara masa ko ƙwaya ɗaya ba.

Bayan wannan sai magani. Ina sa a tara mini duk abin da yake sha a leda guda, na asibiti da na kemis da jiƙon gargajiya. A nan ake ganin magani ɗaya da suna biyu daga likitoci biyu, ana ba shi duka. Wanda na fi yawan tsinta shi ne diclofenac ko ibuprofen na ciwon gwiwa, alhali suna ɗaga hawan jini, suna cin ƙoda, suna iya jawo zubar jini a ciki. Sai glibenclamide na ciwon suga, wanda ke kayar da sugan tsoho idan ya sha bai ci abinci ba. In suga ya sauka ƙasa da 70 mg/dL a na'urar awo, ga gumi da rawar jiki, a dama ƙaramin cokali 3 zuwa 4 na sukari a ruwa a ba shi, muddin yana farke yana iya haɗiya, a sake awo bayan minti 15. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti. Ni ba na tsayar da magani da kaina; rubutawa nake yi a kai wa likita ledar gaba ɗaya.

Hawan jini kuma ana auna shi a kwance, sannan a tsaye bayan minti 1 da minti 3. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ga dalilin jirin da ke kayar da shi a hanyar banɗaki da asuba.

Gyambon kwanciya ne ya fi ɓata mini rai, domin ana iya kauce masa. A juya mara lafiya duk awa 2, a kishingiɗar da shi a gefe da filo a baya, wani tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya ba za ta taɓa katifa ba. A fatarmu ba a cika ganin ja ba, saboda haka da hannu ake dubawa: wurin da ya yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi ɗumi ko tauri, a ƙashin gindin baya, kwatangwalo da dunduniya. Kada a murza wurin. Kuskuren da ake yi shi ne kwantar da tsoho a kan leda kai tsaye saboda fitsari; a zafin Maris da Afrilu gumi ke taruwa ya jiƙa fata har ta saɓule. A shimfiɗa zanen auduga a sama, a sauya da zarar ya jiƙe. Na gwada cewa "duk awa biyu", ana mantawa. Da na ɗaura juyin da lokutan salla, na ƙara hantsi, walaha da tsakar dare, da ƙararrawar waya a tsakani, sai ya zauna.

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ruwa tsinkakke ya fi ƙware shi. A zaunar da shi sosai, a ba shi kunu mai kauri ko fate da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye, ya ci gaba da zama minti 30 bayan ya gama. Tari ko muryar da ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro alama ce abinci na bin hanyar huhu, kuma hakan na iya jawo ciwon huhu. A goge masa baki safe da dare.

Idan tsoho ya ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ba mantuwar tsufa ba ce. A nemi zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa, taurin bahaya ko sabon magani. Wani abin da na gani a nan Gombe: Dada mai mantuwa takan bar Hausa ta koma Fulatancin da ta tashi da shi, sai a ce ba ta gane mutane. A samo mai jin harshen ya zauna da ita.

Mai jinyar ma ina duba ta, don galibi mace ɗaya ake bar wa komai, ga yara ga girki. Ina tara 'ya'yan gidan a raba kwanaki a rubuce: wa ke kwana, wa ke sayen magani, wa ke kai shi asibiti. Littafi ɗan shafi 40 yana zama a gefen gado, a rubuta lokacin juyi, abin da ya ci, kofin ruwa nawa ya sha, yaushe ya yi bahaya. Ranar ganin likita, da littafin da ledar magani ake tafiya.