Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Injin da Ya Dafu

Makon jiya na tsaya a lokacin da Maigida, bakaniken da nake koyon aiki a wurinsa, ya fara barina in riƙe sufana ba tare da ya tsaya a kaina ba. To a tsakanin nan ne aka jawo mana wata babbar mota mai shan gas, mai silinda shida a jere, wadda ta mutu a hanya da kaya a bayanta.

Direban ya sauko yana ta rantse-rantse. Wai allurar zafin inji ce ta ɗan haura, ya ce bari ya lallaɓa zuwa gaba, sai motar ta rage ƙarfi a hawa, ta ɗauke. Maigida ya bari ya kai aya, sannan ya ce, "Da ta tsaya, me ka yi?"

"Ruwa na ɗura mata, Oga."

"Nan take?"

Direba ya sosa ƙeya. Amsar ke nan. Ƙarfen da ya yi zafi haka, in ruwan sanyi ya same shi, gefe guda zai tsuke alhali ɗayan yana a buɗe, sai ya tsage.

Maigida ya hana kowa taɓa makulli. Ya zaro sandar awon baƙin mai: man ya wuce alama, kuma ya koma fari-fari mai kauri, wato ruwa ya shiga. Ya sa na kwance nozul duka shida, masu fesa gas cikin silinda, muka juya injin da hannu da dogon ƙarfe. Sai ga ruwa ya yi tsartuwa daga rami na shida har ya jiƙa min riga. Ya ce, "Ka gani ko, yaro? Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Da mun tayar da ita, da konrod, sandar da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe."

Mai motar ya iso da yamma, ya riga ya yanke hukunci tun daga gida. "Malam, gaskit ne kawai. A canza a ba ni motata."

"Alhaji, gaskit ba ya ƙonewa don kansa. Wani abu ne ya ƙone shi. In ban gano abin ba, za ka sake jawo ta."

Da muka ɗage top, wato kan injin da ke rufe silinda, gaskit ɗin da ke tsakaninsa da jikin injin kuwa ya ci wuta tsakanin silinda na biyar da na shida. Maigida ya kankare fuskar top ɗin, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kai, ya zura siririn ma'auni ta ƙarƙashi. A gefe ya ƙi shiga, a tsakiya ya wuce salin-alin. Top ya gantsare. Wannan da sauƙi, ana iya kai shi a goge. Amma bai tsaya nan ba. Ya shafa kananzir tsakanin mazaunan bawul, ya goge tas, ya barbaɗa garin alli, ya ce in zuba ido. Ba a jima ba wani siririn layi ya fito a cikin farin allin, kananzir ɗin da ya ɓuya a tsaga yana dawowa waje. Ido kaɗai ba zai taɓa ganin tsagar nan ba. Top ya tashi aiki, sai dai wani.

Ƙasa ma ba ta tsira ba. Fistin na alminiyum ne, kuma in zafi ya yi yawa yana buɗewa kusan ninki biyun yadda ƙarfen silinda yake buɗewa, sai ya cika ramin ya kama bango. Na shida ya fito da gefensa kamar an ja shi a kan kwalta, ringinsa sun manne a gurbinsu. Robobin da ke tare ruwa a gindin silif, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a ciki, sun bushe, ina taɓawa suna karyewa. Metal kuma, wato ƙarafunan da karanshaf ke juyawa a kansu, ruwan da ya gauraya da mai ya cinye su har jan ƙarfen ciki ya bayyana. Karanshaf, babbar sandar da fistin ke juya ta, shi ne kawai ya tsira, awo ya nuna bai zaizaye ba.

Duk wannan ɓarna ce, ba ita ce sanadi ba, kuma a nan ne na ga bambancin Maigida da masu canza kaya kawai. Fambel da ƙarfinsa, tiyo babu yoyo, lagireto bai toshe can-can ba. Tamostat, mai tare ruwa har sai injin ya ɗau zafi, babu shi ma, wani ya riga ya cire ya yar, abin da har yau nake faɗa da masu yin sa, don injin da ba ya kai zafin aikinsa shi ma lalacewa yake yi. Famfon ruwa kuwa daga waje lafiya lau, ba ƙara, ba ɗiga. Maigida ya ce in kwance shi duk da haka. Fukafukan da ke tura ruwa tsatsa ta cinye su, saura kututture. Famfo yana juyawa, ruwa yana zaune. Shekara da shekaru ana ɗura wa motar ruwa zalla, ba a sa ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa.

Haɗawa ta fi kwancewa cin rai. Wanki na sha har yatsuna suka yi fari, saboda ƙwayar yashi ɗaya a hanyar mai ta isa ta kashe sabon metal. Muka sa sababbin silif, fistin da ringi, bakin kowane ringi yana kallon wani ɓangare daban. Muka wanke na'urar sanyaya mai, aka sa sabon famfo da sabon murfin lagireto, don matsin murfin ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Sabon tamostat sai da Maigida ya jefa shi a ruwan zafi ya ga ya buɗe kafin ya yarda da shi. Ɗaurin top da kansa ya yi, da sufana mai awo, daga tsakiya yana zagayowa zuwa gefe, zagaye bayan zagaye. Ni ya bar wa saitin bawul, ina bin jerin tashin wuta: 1-5-3-6-2-4.

Ranar tayarwa, mun juya injin ba tare da gas ba har mai ya hau, muka fitar da iska daga layin gas, sannan ya ce wa direba ya murza. Ta yi hayaƙi, ta yi gyatsa, ta kama. Allura ta hau zuwa tsakiya ta zauna, lagireto babu kumfa. Maigida ya ce kada a yi mata lodi mai nauyi tukuna, kuma a dawo da ita a juye mai da wuri.

Alhaji ya ji daɗin aikin har ya nemi Maigida ya ba shi aron yaro ɗaya da zai riƙa bin motocinsa a hanya. Yadda aka yi zaɓin ya faɗo kaina, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.