Talata: Daga Kura Zuwa Gidan Zoo Da Yara Goma Sha Huɗu

Yau muka cika alƙawarin da aka yi wa yaran gidanmu tun da aka ba da hutun makaranta, na kai su gidan zoo na birnin Kano. Yara goma sha huɗu, manya biyar, a bas ɗaya da muka yi shata tun jiya da daddare. Shata ta fi hawan motar haya a tasha, domin direba zai jira ku, kuma ba za a raba yara mota biyu ba. Sai dai a gama ciniki da shi kan kuɗin zuwa da dawowa da jira gaba ɗaya, a kuma faɗi lokacin tasowa. In ba a yi haka ba, da azahar zai fara cewa yana da wani lodi.

Ƙarfe bakwai da rabi muka bar ƙauye. Muka hau titin Zariya ta Tamburawa, Na'ibawa, Unguwa Uku, zuwa gadar Ɗangi, muka karya titin Gidan Zoo. Da gangan muka zaɓi Talata. Duk wanda ya taɓa zuwa a bikin Sallah ya san yadda ƙofar take cika, yaro ba ya ganin komai sai bayan rigunan manya. A ranar aiki kuwa wurin naka ne.

Sammako shi ne rabin tafiyar. Da hantsi dabbobi suna yawo, birai na tsalle, jimina na kai da kawo a bakin waya. Da rana ta take, zaki zai shige inuwa ya kwanta, kura ma ta laɓe, sai ka ga yaro yana ta leƙe babu abin gani. Saboda haka mu da keji muka fara, aka bar zama da cin abinci sai daga baya.

Kafin mu shiga, Gwaggo ta raba yaran: kowane babba da nasa uku, ita ta ɗauki ƙananan biyu. An rubuta lambar waya a 'yar takarda an sa wa kowane yaro a aljihu, mata kuma aka ɗaure musu a bakin hijabi. Aka nuna musu wata babbar bishiya kusa da ƙofa, aka ce duk wanda ya ɓace ya zo nan ya tsaya, kada ya bi kowa. Dabarar ta yi rana. Wajen birai wani ɗan shekara shida ya tsaya kallo har rukuninsa ya wuce. Da aka ƙirga aka ga sha uku, Yaya ya koma da sauri, ya tarar da shi a gindin bishiyar yana riƙe da takardarsa. "Baba, ai nan aka ce in tsaya," in ji shi, idonsa cike da ƙwalla.

Wurin nan tun zamanin Audu Baƙo ne, gwamnan Kano na farko, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, sunansa ma gidan yake ɗauke da shi. Ni a ganina babbar ni'imar wurin ita ce itatuwan da suka yi shekara hamsin suna girma. A tsakiyar birnin da gini ya cinye fili, samun inuwar da mutum ashirin za su baje tabarma ba ƙaramin abu ba ne. Mu mutanen karkara ba baƙin inuwa ba ne, amma na lura da iyalan cikin gari da ke kusa da mu, yaransu ko kallon dabbobi ba su dame su ba, gudu kawai suke yi a kan ciyawa.

Yanzu damina ce, ƙasa da danshi, don haka sai an shimfiɗa leda ko buhu kafin tabarma, in ba haka ba zani zai jiƙe. A duba gindin bishiya saboda cinnaka kafin a zaunar da jariri.

Ruwa jaka uku muka ɗauka, kowace da ƙulli ashirin, kusan uku ke nan ga kowane mutum, ban da jarka ɗaya ta alwala da wanke hannu. Ya isa, amma da bazara ne sai an ƙara jaka biyu. Abinci kuwa dambu da zogale da ƙuli muka yi, sai gurasa. Shinkafa da miya ba ta dace da irin wannan fita ba: in aka zuba ta da zafi aka rufe kula tun asuba, gumi zai sauka a kanta, kafin azahar ta fara tsami. Mai da yaji a riƙe su daban, a zuba lokacin ci.

Abu biyu muka hana yaran da kakkausar murya. Na farko miƙa wa biri abinci da hannu, domin yana fizga yana cizo, cizonsa kuma sai an je asibiti. Na biyu yar da leda. Iska tana kai ta cikin keji, dabba mai cin ciyawa ta haɗiye, ta toshe mata ciki, kamar yadda muke gani a tumakinmu idan an yanka. Buhu ɗaya muka ware, kowa ya shanye ruwansa ya jefa ledar a ciki.

Bayan sallar azahar muka ga hadari ya fara haɗuwa daga gabas. Ba mu jira la'asar ba. Aka naɗe tabarmi, aka ƙirga yara a gindin bishiya, aka sake ƙirgawa bayan kowa ya zauna a mota. Ruwan ya same mu a Tamburawa, rabin yaran sun riga sun yi barci.