Kafin ka cike fom ɗin Jami'ar Houston, zo mu yi maganar kuɗi

Saƙonnin da nake samu a WhatsApp daga ƙannenmu duk kusan iri ɗaya ne, "Yaya don Allah ya ake samun admishan a can?" To bari in amsa a nan gaba ɗaya. Admishan ɗin kansa fa ba shi ne dutsen ba, in takardunka sun yi kyau za a iya ɗaukarka. Inda yawancin mutanenmu suke tsayawa shi ne wa zai biya, kuma tun daga zaɓen makaranta ake fara warware wannan.

Ni Jami'ar Houston na zaɓa, a jihar Texas. Ta gwamnatin jiha ce, tun 1927 aka kafa ta, tana cikin gari a unguwar Third Ward, maƙwabciyarta Texas Southern University. Jami'ar bincike ce, ma'ana farfesoshi suna da kuɗin bincike a hannu kuma suna buƙatar ɗaliban da za su yi musu aiki a lab. Wannan ne ƙofar da talaka yake shiga.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe. A jami'o'in gwamnati na Amurka kuɗin makaranta kala biyu ne, na ɗan jiha da na baƙo, kuma na baƙo ya ninka ko ya fi haka. Amma Texas tana da doka cewa in ka ci sikolashif na gasa wanda ya kai dala 1,000 a shekara, makaranta za ta iya sauke ka zuwa farashin ɗan jiha. Haka ma in ka samu aikin mataimakin malami ko mataimakin bincike na awa 20 a sati a fanninka. Shi ya sa nake jin takaici in na ga yaro ya raina sikolashif ɗin dala dubu wai ai ba zai yi masa komai ba, alhali dubun nan ita ce za ta zubar masa da dubbai daga lissafi, ba kowa ake ba ba kuma ba dole ne a kan makaranta ta yi ba, amma wallahi ka nema, ka tambayi sashenku kai tsaye.

In masta ko dakta kake nema, rubuta wa farfesa imel tun kafin ka biya kuɗin fom. Ba irin doguwar wasiƙar nan mai "ina mai farin cikin rubuto maka" ba. Ka buɗe shafinsa, ka karanta takarda ɗaya da ya wallafa kwanan nan, ka ce na ga aikinka a kan kaza, ni ma furojet ɗina na digiri a kan kaza ne, kana ɗaukar ɗalibai a zangon Agusta? Layi biyar ya isa. Da yawa ba za su amsa ba, kar ka ji haushi, ɗaya kake nema.

Masu digirin farko su ta shafin cike fom na ApplyTexas ko Common App za su bi, da sakamakon WAEC ko NECO. Masu masta kuma transkirif, kuma ka fara bin sa da wuri don kowa ya san yadda fayil yake kwana a ofis a gida, sai ka je da ƙafarka ka tsaya a kai. Jarrabawar Turanci irin TOEFL ko IELTS ka duba shafin makarantar tukuna, wasu jami'o'in suna ɗauke wa wasu ƙasashe, kar ka kashe kuɗi a banza.

Bayan an ɗauke ka sai takardar I-20, wadda makaranta take ba ka don neman biza, kuma ba za su bayar ba sai ka nuna shaidar banki ta kuɗin shekara guda, makaranta da ci da kwana. Don Allah kar ka ari kuɗi a zuba a asusu kwana biyu a kwashe, kar kuma ka bi ejan da zai "haɗa" maka takarda, ƙarya ɗaya tana iya rufe maka ƙofa har abada. Sai kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, dala 350, fom ɗin neman biza DS-160, kuɗin biza dala 185, sannan intabiyu a Abuja ko Legas. Tun 2025 dokokin biza ga 'yan Najeriya da Nijar sun tsananta sosai har da na ɗalibai, don haka kafin ka saki ko sisi ka duba shafin ofishin jakadanci ka ga abin da ake ciki a ranar, ka kuma tuntuɓi EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka ce, suna ba ɗalibai shawara.

Garin kuwa yana da daɗin zama ga irinmu. Jirgin ƙasan cikin gari METRORail yana tsayawa a bakin makaranta, 'yan Najeriya sun cika kudu maso yammacin gari wajen Alief da titin Bissonnet, ka samu manja da daddawa da naman halal. Hakeem Olajuwon ɗan Najeriya a jami'ar nan ya buga ƙwallon kwando farkon shekarun 1980, kuma tsohon ginin bankin da ya saya a tsakiyar gari ya zama masallaci, ana Juma'a a ciki. Zafi ne dai da gumi kamar Legas, ga guguwa lokacin damina, Beryl ta 2024 ta bar mutane kwanaki ba wuta.

Aikin cikin makaranta awa 20 ne a sati lokacin karatu, zai biya maka cefane da wani abu na haya amma kuɗin makaranta ba zai fito daga nan ba, kar wani ya ruɗe ka cewa in ka zo za ka nema. Ka zauna da Baba ko duk wanda zai tsaya maka, ku buɗe lissafin da ke shafin makarantar, ku juya shi zuwa naira a farashin yau, sannan ku yanke shawara.